Wai dabbar nan mai fiffiken fata tana nan har yanzu a Tenere?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni mushe ne, ina koyar da SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) a wani CEG (ƙaramar sakandare) nan Damagaram. Yarana sun ishe ni da wani bidiyon WhatsApp, wai an ga terosor, dabbar zamanin da mai tashi da fiffiken fata, tana shawagi a Tenere. Abin da ya fi tayar min da hankali, wani yaro ya ce babansa ya sayi garin ƙashinta jika uku yana sha don ciwon gwiwa. Daga ina dabbar nan ta fito, kuma ita ce kakar tsuntsaye?

Amsa: Wa alaikumus salam mushe. Ba kakar tsuntsaye ba ce, ba ma dinoso ba ce. Tsuntsaye daga cikin dinoso suka fito, ita kuwa terosor ɗaki daban take a gidan, kamar 'yan maza zar. Fiffikenta fata ce da aka miƙe a kan yatsa na huɗu wanda ya yi tsawo fiye da kima, na tsuntsu kuwa gashi ne.

Mafi tsufa da aka tono sun haura shekara miliyan 200, irin su Eudimorphodon na Italiya, kuma da fiffikensu cikakke aka same su, shi ya sa masana suka daɗe suna neman danginsu masu tafiya a ƙasa. A 2020 wani masani, Martin Ezcurra, da abokan aikinsa suka nuna cewa mafi kusa su ne lagafetid, wasu 'yan ƙananan dabbobi masu dogayen ƙafafu, ba fiffike ko kaɗan. Hujjar tana cikin kai: da suka leƙa ƙoƙon kansu da sikana, sai ga ɓangaren kunne da ke riƙe daidaiton jiki ya yi kama da na terosor. Kenan kayan aikin tashi sun fara haɗuwa tun dabbar tana gudu a ƙasa. Ɗaya daga cikin lagafetid ɗin, Kongonaphon na Madagaska, tsayinsa kusan santimita 10 ne kacal, amma a zuri'ar 'yan uwansa aka samu Quetzalcoatlus, wata terosor mai faɗin fiffike mita 10 ko fiye.

To yanzu maganar garin ƙashi, wallahi ita ce ke ƙona min rai, don kusan kullum sai an turo min irinta. Terosor ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, babu ko ɗaya, bidiyon nan aikin kwamfuta ne, ko kuma jemage aka ɗauka da magariba aka ƙara masa gishiri. Sannan ƙashinta rami ne a ciki, jikinsa siriri kamar takarda, shi ya sa samunsa ke da wuya ko ga masanan da suka ƙare rayuwarsu a tono, to ta yaya mai magani a bakin tasha zai same shi buhu-buhu? In ma ƙashin zamanin da ne da gaske, daga irin Gadufawa a hamadar Tenere inda aka tono dinoso Nigersaurus da ƙaton dangin kada Sarcosuchus, ai ya riga ya zama dutse, dutse bawan Allahn nan yake jiƙawa yana sha, kuma irin wannan ƙashi kan tsotsi yuraniyom daga ƙasar da ya kwanta a ciki, mu 'yan Nijar ba sai an yi mana bayanin yuraniyom ba. Ga asarar jika uku, ga gwiwa na ƙara lalacewa, ga kayan tarihin ƙasa an daka a turmi kamar daddawa.

Ka aika a ce wa baban yaron ya daina sha tun yau, ya je likita a duba gwiwar. Yaran kuma ka zana musu hannun jemage, na tsuntsu da na terosor a allo, ka bar su su ƙirga yatsun da kansu.