Ku Tambayi Injiniya: Gudun Furosesa da Zafin Bazara

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da shagon tace bidiyon bukukuwa a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, kuma kwamfutar da nake aiki da ita tana ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-9600K a kan madabod (babban faifan da ake jona kayan cikinta) Z390. A watan Janairu na ɗaga gudunsa zuwa 4.9GHz da ƙarfin wuta 1.30V, na yi ta aiki lafiya lau. Tun da aka shiga Afrilu, da zarar na fara fitar da bidiyo sai shuɗin allo ya fito, kwamfutar ta sake tashi da kanta. Na ƙara wutar zuwa 1.40V, amma abin sai ƙaruwa ya yi. Ina aka samu matsala, kuma ta yaya zan kai 5.0GHz ya zauna daram?

Nura, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Furosesan da ka ambata ya fito ne a 2018, yana da ƙwayoyi shida, wato sassan da ke raba aikin lissafi a tsakaninsu, gudunsa na asali 3.7GHz ne, kuma yakan ɗaga da kansa har 4.6GHz idan aikin bai hau kan dukkan ƙwayoyin ba. Harafin K da ke ƙarshen sunansa da madabod ɗin Z390 su ne suka ba ka damar taɓa lambar ninki, wadda ake ninkawa da 100MHz a samu gudun, shi ya sa 49 ta ba ka 4.9GHz. Ta wannan fuskar kayanka sun dace da juna. Abin da ya canza tsakanin Janairu da Afrilu shi ne iskar da ke cikin shagonka.

Fankar furosesa ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ja ta ratsa ƙarfen sanyaya da ita, don haka duk digiri ɗaya da ɗakin ya ƙara, kusan digiri ɗaya ne furosesan zai ƙara a kan abin da yake yi a da. A lokacin hunturu ka yi saitinka, sa'ad da mutane ke sanye da rigunan sanyi da safe, yanzu kuwa zafin rana a Katsina yakan haura digiri 40, kuma shago mai rufin kwano da fitilu da allon kwamfuta biyu ba ya yin ƙasa da hakan sosai. Furosesan da yake tsayawa a digiri 80 a Janairu zai iya kusantar 95 a yau, alhali iyakar da kamfanin Intel ya sa wa wannan samfurin digiri 100 ce, inda yake rage gudu da kansa don kada ya lalace. Ga kuma ƙurar hunturun nan da ta yi watanni tana shiga akwatin. Ka buɗe murfin gefe, ka haska tocila tsakanin siraran ganyayen ƙarfen sanyayan, ina da yaƙinin za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga a bayan fankar, ta toshe hanyar iska.

A nan ne ƙarin wutar da ka yi ya zama illa. Zafin da furosesa ke fitarwa yana ƙaruwa daidai da gudunsa, amma game da ƙarfin wuta ninkin kansa yake bi, wato idan ka tashi daga 1.30V zuwa 1.40V ka ƙara masa zafi da kimanin kashi 16 cikin ɗari ko da ba ka taɓa gudun ba. Furosesa kuwa idan ya yi zafi yakan buƙaci wuta fiye da wadda yake buƙata yana sanyi kafin ya riƙe gudu ɗaya, su ma ƙananan na'urorin da ke daidaita masa wuta a gefen soket suna ɗaukar zafi, sai ka ga kana ƙara abin da ke haifar da ciwon da sunan magani. A ra'ayina, wanda ke sanyaya wannan samfurin da fanka a ƙasarmu kada ya wuce 1.35V a aikin yau da kullum. Yawan wuta tare da zafi yana cin furosesa a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. A 2024 Intel da kansa ya tabbatar cewa wutar da ta wuce kima ce ta jawo rashin tsayuwar wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, kuma gyaran da ya fitar ta BIOS, wato manhajar saitin madabod, bai warkar da waɗanda suka riga suka lalace ba.

Ka fara da tsafta: ka cire wuta, ka riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, ka hure ƙurar da bulowa, sannan ka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Daga nan ka shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, har da XMP, saitin da ke ƙara gudun ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), domin ram ɗin da aka ƙara wa gudu shi ma yakan kawo shuɗin allo, kuma muddin ka canza abubuwa biyu a lokaci guda ba za ka san mai laifin ba. Sai ka sa ninki 47 da 1.28V, ka riƙa hawa mataki ɗaya ɗaya, ba ka ƙara wuta sai gwaji ya faɗi, kuma kada ƙarin ya wuce 0.01V a kowane karo. Akwai wani saiti mai suna Load-Line Calibration da ke rage faɗuwar da wuta ke yi idan aiki ya yi nauyi. Ka sa shi a matsakaici, domin mafi ƙarfinsa yakan sa wutar ta yi tsalle sama da abin da ka rubuta. Idan kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ka zare wuta, ka cire ƙaramin batirin nan CR2032 na kan madabod na 'yan mintoci, saitin zai koma na asali.

Gwajin shi ne inda mafi yawan mutane ke yin gaggawa. Tashin Windows ba shaida ba ce. Ka buɗe manhajar HWiNFO kana kallon zafi da ainihin wutar da ke shiga, ka sa manhajar gwaji Cinebench ta rabin awa, idan ya wuce ka ba manhajar gwaji OCCT ko Prime95 awa biyu ko fiye, sannan ka fitar da bidiyon biki mafi tsawo da kake da shi. Ka yi wannan da azahar, lokacin da shagon ya fi zafi, ba bayan isha'i ba, kuma idan zafin ya haura digiri 85 ka sauka da mataki ɗaya. Manhajojin fitar da bidiyo suna amfani da wani nau'in umarnin lissafi mai suna AVX, wanda ya fi sauran ayyuka ɗora wa furosesa zafi. A BIOS akwai AVX Offset, idan ka sa shi a 2 gudun zai sauka da 200MHz duk lokacin da irin wannan aikin ya zo. Yana da amfani ga mai wasannin kwamfuta, amma kai da sana'arka ita ce fitar da bidiyo, lambar ƙasan ita ce gudunka na gaskiya.

Batun 5.0GHz kuwa, ba kowane 9600K ke kaiwa can da wuta mai sauƙi ba, domin ko daga masana'anta ɗaya suka fito, ingancinsu yakan bambanta, kuma ba saitin da zai canza hakan. Ka kuma duba ribar: tsakanin 4.8 da 5.0 kimanin kashi 4 cikin ɗari ne, wato bidiyon da ke cin awa guda zai ragu da minti biyu da rabi a mafi yawa, alhali shuɗin allo ɗaya ana saura kaɗan a gama zai sa ka maimaita awar gaba ɗaya, mai biki kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Madabod da yawa suna ba da damar adana saiti fiye da ɗaya, don haka ka ajiye na bazara a 4.7 ko 4.8, na hunturu a 4.9. Idan kana da kuɗin kashewa, babban ƙarfen sanyaya mai fanka biyu da UPS da zai riƙe ka idan an ɗauke wuta sun fi maka amfani.

Tambaya:

Injiniya, na sayi kwamfutar ofis ta hannu mai Core i5-6500, na shiga BIOS ban ga wurin ƙara gudu ba. Ko akwai manhajar da za ta buɗe min?

Hajiya Binta, Daura.

Amsa:

Hajiya, babu. Furosesanki ba shi da K, ninkinsa a kulle yake, kuma BIOS na irin waɗannan kwamfutocin ofis ba ya zuwa da wannan saitin, don haka ki guji duk manhajar da ta yi miki alkawarin buɗewa. Idan nauyi take yi miki, ki sa a canza mata tsohon faifan ajiya (hard disk) da SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, a kuma ƙara ram ya kai 16GB a sanda biyu masu girma ɗaya.