Tambaya da Amsa: Yadda Araha Ta Gudu Daga Baje Kolin Bindigogi na Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana zaune a jihar Texas, kuma yana cikin masu tara tsofaffin bindigogi na tarihi. Da ya zo ganin gida ya ce ya daina zuwa baje kolin bindigogin da ake yi a can ƙarshen mako, wai kaya sun yi tsada kuma babu abin kirki a kan tebura. Ni abin da na sani, inda 'yan kasuwa suka taru da yawa farashi sauka yake yi. Yaya aka yi nasu ya juye? Daga wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙa'idarka tana nan daram, amma tana da sharaɗi biyu: kaya su riƙa shigowa, kuma zaman kasuwar kada ya ci wa mai kaya kuɗi da yawa. A baje kolin da ƙanenka yake magana duka biyun sun karye.

Ga yadda abin yake. Mai shirya taro yakan kama babban zaure ranar Asabar da Lahadi, ya jera dogayen tebura, ya ba da hayarsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karɓi kuɗin ƙofa a hannun mai shiga. Ana yin irin wannan dubbai a shekara. Wanda ake yi a Tulsa, jihar Oklahoma, teburansa sun haura 4,000. Kasuwar ta bunƙasa ne bayan dokar 1986 da ta tabbatar wa dillalai masu lasisi damar yin ciniki a irin waɗannan wuraren, ba a shagunansu kaɗai ba. Sai kuma Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, ƙasashen Gabashin Turai suka buɗe rumbunan sojojinsu suna neman dala. Aka riƙa shigo da tsofaffin bindigogin yaƙi cikin akwatunan katako, a dulmuye cikin man giris. Bindigar Rasha da ake kira Mosin-Nagant, wadda aka fara ƙerawa a 1891, ta daɗe ana sayar da ita ƙasa da dala 100. Bindigar SKS ƙirar Sin ma haka ta yi araha a farkon shekarun 1990. Wannan zamanin ƙanenka yake kewa.

Hanyoyin kuwa an toshe su ɗaya bayan ɗaya. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta hana shigo da irin waɗannan bindigogi da harsasansu daga Sin. A 2014, bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, Amurka ta sa wa Kalashnikov, kamfanin ƙera bindigogi na Rasha, takunkumi. A watan Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, wanda shi ne mafi araha a kasuwar. Rumbunan Turai kuma ba rijiya ba ne, sun ƙare. Ka san yadda gwanjo yake a Ƙofar Wambai idan sabuwar dila ta daina zuwa: na kirki an tsince tun farko, ragowar ce take yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa ya ɗora ribarsa. Shi ya sa Mosin ɗin da aka saya dala 90 yanzu ake neman ninki uku ko huɗu a kanta, kuma sau da yawa ba ta kai waccan lafiya ba.

Sai lissafin mai tebur, wanda ka fi mu saninsa. Mu ɗauka ya kama tebur 4 a kan dala 100 kowanne, 400 ke nan. Otal kwana biyu 250, mai da abinci 200, yaron da zai taya shi tsaro 150. Dala 1,000 ta fita bai sayar da ko allura ba. Ribar sabuwar bindiga kuwa siririya ce, domin kowa ya san farashin kamfani. Idan yana samun 60 a kan ta dala 500, sai ya sayar da 17 kafin ya mayar da kuɗin zama. Mafita biyu gare shi: ya ƙara kuɗi, ko ya rage bindigogi ya cika tebur da abin da ribarsa take da kauri. Daga nan wuƙaƙe masu araha, tocila, riguna masu rubutu da busasshen nama mai kama da kilishi suka mamaye zaure. Ƙorafin nan na busasshen nama har ya zama abin barkwanci a tsakanin masu zuwa. Shi ma mai saye yana da nasa: a ce kuɗin ƙofa 15, ajiye mota 10, sannan wasu dillalai su ɗora kashi 3 cikin 100 idan da kati za ka biya, wato 15 a kan 500. Dala 40 ta hau kan farashi tun ba a fara taya ba.

Amma mu a ganinmu intanet ce ta yi babbar ɓarnar. Da can sai a baje koli ake haɗuwa da mai tsohon kayan da bai san darajarsa ba, kuma a can mai neman abu mai wuyar samu yake sa ran dacewa. Tun da aka buɗe shafin gwanjo na GunBroker a 1999, mai abu na musamman ya gane cewa gara ya sa shi inda duk ƙasar za ta yi rige-rigen taya shi, maimakon ya jira mutanen gari ɗaya. Abin da ya yi kwantai a can shi ake ɗaukowa a kawo zaure. Akwai kuma wata cuta: mai tebur yakan duba waya ya ga kuɗin da wani ya sa wa irin kayansa, sai ya rubuta haka. Bai duba nawa aka sallama ba. Tsakanin kuɗin da aka yanka da kuɗin da aka biya akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne mai saye yake faɗawa.

Shekarar 2020 ta ƙarasa abin. Annobar korona, zanga-zanga da zaɓe suka haɗu, jama'a suka yi rububin saye. Hukumar FBI ta yi binciken masu neman makami kusan sau miliyan 40 a shekarar, mafi yawa tun da aka fara tsarin a 1998, ko da yake ba kowane bincike ne ciniki ba. A daidai lokacin kamfanin Remington mai ƙera bindigogi da harsashi ya durƙushe, masana'antarsa ta harsashi a jihar Arkansas ta yi sanyi. Kuɗin harsashi ya ninka biyu, wani uku. Da ƙura ta lafa manyan shaguna suka sauke farashi, domin kayansu juyawa suke yi. Ƙaramin dillalin da ya yi sari da tsada ya ƙi yarda da asara, ya ci gaba da ɗaukar kwalayensa daga wannan gari zuwa wancan da tsohon kuɗi a jiki.

Tambaya: Na ji an ce tsohuwar bindigar da aka goge ta yi ƙyalli ba ta kai mai tsohon launi daraja ba. Ashe gyara yana rage kuɗi? Daga wani malamin tarihi, Gwale.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, kuma wannan shi ne rabin abin da ake nufi da faɗuwar daraja. Mai tara kayan tarihi asali yake saye. Abin da yake fara dubawa lamba ce. Masana'antar soja takan buga lamba ɗaya a jikin bindiga, da sakatarta, da murfin gidan harsashi, da ƙarfen gindin ƙota. Idan huɗun sun zo ɗaya, ba a taɓa yi mata haɗe-haɗe ba. Idan an kankare wata an sake rubutawa, za ka ga wurin ya ɗan lotsa, ko rubutun ya fito a karce maimakon a buge. Irin wannan kuɗinta ƙasa yake.

Sai ƙota. Wanda ya bi katakon da sanfefa don ya yi sumul ya share hatimin masana'anta, ya kuma zaftare kaifin gefuna, har ƙarfe ya riƙa tsere wa katako tsayi a mahaɗarsu. Da ka shafa da yatsa za ka ji. Ƙarfen da aka sake rinawa ma yana tona kansa: haruffan da aka buga sukan yi laushi, ramukan tsatsa kuma suna nan a ƙarƙashin sabon launi. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne cikin bututu. Tsohon harsashin soja yana barin wani gishiri bayan harbi, gishirin ya ja laima, laima ta ci ƙarfe daga ciki. Daga waje tas, ciki kuwa duk ramuka. Shi ya sa masu saye suke yawo da 'yar tocila suna leƙawa. Akwai kuma masu buga hatimin jabu, musamman a kan bindigogin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, saboda hatimi ɗaya yana iya ninka kuɗi. A zauren da za a tashi Lahadi da yamma, wa za ka mayar wa idan ka gano daga baya?

Tun da kana harkar tarihi, wannan ya shafi abin da kake gani a Kasuwar Kurmi. Tsohon takobi, ko tasar tagulla, ko likkafa, idan aka dirje su da toka da lemon tsami sun yi kyau a ido amma shaidar shekarunsu ta tafi. Busasshen ƙyalle da ɗan mai kaɗan sun isa.

Tambaya: Idan mutum ya je Amurka ziyara, zai iya saye a irin wannan wuri ya taho da ita? Daga wani matashi, Hotoro.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, cire wannan daga ranka. Dokar Amurka a ƙa'ida ta hana mai bizar ziyara mallakar bindiga, fitar da ita daga ƙasar kuma sai da izinin gwamnati. A nan gida Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na ƙashin kai da lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da kuma na ɗuri ta baki irin na mafarauta, su ma da ƙa'idarsu. Wanda kwastam suka kama da makami ba takarda, maganarsa ta kotu ce da gidan yari.

Tambaya: Na je wani baje koli a cikin gari na sayi injin markaɗe, daga baya na ga irinsa a Sabon Gari da ragin naira dubu bakwai. Shin baje koli yana da sauran amfani? Daga wata Hajiya, Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Sannu, Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Lissafin da muka yi wa Alhaji a sama shi ne ya same ki. Mai rumfa ya biya haya, ya biya mota da 'yan dako, ya sayi man janareta, ya ciyar da yara kwana goma ko fiye. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Duk wannan yana cikin kuɗin injinki. Wasu kuma sun yi sari lokacin da dala take sama, ba su yarda su sauko ba.

Amfani yana nan, amma sai kin bambanta mai rumfa iri biyu. Akwai kamfanin da ya ƙera kaya da kansa, ya zo talla. Shi kuɗin rumfa a asusun talla yake sa shi, don haka rangwamensa na gaske ne. Irinsu sukan zo babban baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA, take shiryawa a Titin Gidan Zoo wajen ƙarshen shekara. Akwai kuma wanda ya saro a Sabon Gari ko Singa da safe ya kasa da rana. Wannan ba yadda za a yi ya fi inda ya saro araha. Tambaya ɗaya take raba su: ina shagonku ko ofishinku a Kano, kuma a rasit za ku rubuta adireshin?

Kafin ki fita, ki sa a tambayo miki farashi a shago biyu, da suna da lambar samfurin, don injin wat 350 da na wat 600 kwalinsu yakan yi kama. Ki haɗa kuɗin ƙofa da na adaidaita zuwa da dawowa a kan abin da aka faɗa miki. Idan ragin bai kai kashi 10 cikin 100 bayan wannan ba, ki bar shi, domin shagon kasuwa yana nan gobe idan abu ya lalace. Ki sa a buɗe kwali a gabanki, a jona wuta, a bar shi ya yi aiki minti ɗaya ko biyu. Idan kika ji ƙauri ko gindinsa ya yi zafi da wuri, wayar cikin motar injin ba ta kirki ba ce. Ki duba ɗan robar da yake haɗa kofi da mota, shi ne yake fara cinyewa, ki tambaya ko ana samunsa daban. Kayan abinci da na shafa kuwa ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, don wasu baje koli suke kai abin da ya rage wata biyu ya lalace. Ranar farko ta kallo ce. Ciniki yana daɗi ne a kwana biyun ƙarshe, lokacin da mai kaya yake lissafin kuɗin motar da za ta mayar masa da abin da bai sayar ba.