Hukuncin tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa na alfarma, da yadda ake salla a cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, ina zaune a Arkilla. Babban ɗana yana aiki a Malesiya, ya ce bana yana son ni da mahaifiyarsa mu je mu huta tare da shi. Zai yankar mana tikitin wani katafaren jirgin ruwa na alfarma da zai tashi daga Singafo, ya tsaya a Pinang da Langkawi da Fuket ta ƙasar Tailan, kwana 7 a kan ruwa. Ya ce kada mu damu, kuɗin ya haɗa komai, ɗaki da abinci da abin sha ba iyaka. Sai wani malami a unguwarmu ya ce mini haramun ne hawa teku in ba don Hajji ko Umra ko jihadi ba, kuma akwai hadisi. Ni na sauke farali, ita ba ta samu ba tukuna, wannan ne ma karon farko da za ta fita waje. Shin mu tafi? In mun tafi yaya za mu yi da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya ba shi masu yi masa. Ɗan da ya samu ya tuna da iyayensa ba abin rainawa ba ne a wannan zamani, don haka duk abin da zan faɗa kada ka isar masa da shi da faɗa.

Hawa teku halal ne. Hadisin da malamin unguwarku yake nufi yana cikin Abu Dawuda, daga Abdullahi ɗan Amru, cewa kada wani ya hau teku sai mai Hajji ko mai Umra ko mai yaƙi don Allah, saboda a ƙarƙashin teku akwai wuta. Bai inganta ba. A cikin isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, akwai mutanen da ba a san ko su waye ba, Imamul Bukhari ya ce bai inganta ba, Khaɗɗabi, malamin da ya yi sharhin Abu Dawuda, ma ya faɗi cewa malamai sun raunana shi. Ba a haramta wa Musulmi abu da irin wannan. Kuma ko da mun rufe ido daga isnadin, ga abin da ya fi shi ƙarfi yana karo da shi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan garin nan, wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, ko su yi alwala da ruwan teku? Annabi bai ce masa me ya kai ku ba. Cewa ya yi ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Abu Musa Al'ash'ari da mutanensa a jirgin ruwa suka taso daga Yaman, ya kai su Habasha. Asma'u 'yar Umaisu ta ƙetare teku zuwa Habasha ta dawo, har Sayyidina Umar yake kiranta 'yar teku. Alƙur'ani kuwa a suratul Baƙara da Nahli da Jasiya yana lissafa jiragen da ke keta ruwa cikin ni'imomin Allah, har ya ce don ku nemi falalarsa. Da fatauci ta teku haramun ne, da ba a yi mana gori da shi ba.

Wataƙila ya ce maka ai Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai mayaƙa teku. Gaskiya ne, amma tsoron halakar Musulmi a jiragen katako na wancan lokaci ne ya sa, kuma Sayyidina Usmanu ya ba da izini daga baya, a tafiyar da Ummu Haram 'yar Milhan ta rasu a tsibirin Ƙubrus. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tsaya a kai shi ne abin da Shehu Khalilu, mai littafin Mukhtasar, ya rubuta a babin Hajji: teku kamar tudu yake, sai in halaka ta rinjaya, ko jiri zai sa mutum ya tozarta rukunin salla. Ga mace ya ƙara sharaɗin ta samu wurin da ta keɓanta da shi, kuma ɗaki mai ƙofa da banɗaki ya cika wannan. Ba a saɓa ba cewa ba a shiga teku lokacin da ya harzuƙa, saboda haka ka ce wa yaron ya duba watan da za a yi tafiyar: ruwan wajen Fuket yakan yi tashi daga Mayu zuwa Oktoba, ya lafa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ni kam abin da ya fi tsorata ni shi ne kwale-kwalen da ake cika wa kaya da mutane ranar kasuwa, mun ga abin da ya faru a Goronyo da Shagari, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A kansa ya kamata mu ɗaga murya.

Inda hukuncinka yake rataye, Alhaji, kalma huɗu ce da ka faɗa a wucewa: abin sha ba iyaka. A bakinmu abin sha lemo ne da zoɓo da ruwan roba. A bakin masu waɗannan jirage yawanci giya ce a kan gaba. Kafin a biya ko sisi, ka sa ɗanka ya buɗe takardar ya karanta maka.

In ya tarar kuɗin abin sha layi ne daban, wanda ake zaɓa a biya wa kowane mutum a kowace rana, kamar yadda jirage da yawa ke yi, to wajibi ne ya soke shi, ya ɗauki wanda babu giya a ciki in yana so. Kada a ce ai ba sha za mu yi ba. Hadisin mutum 10 da aka la'anta a kan giya ya ambaci mai sayenta da wanda aka saya dominsa, kuma sunanka da na Hajiya ne za a rubuta a kan wannan ciniki. In aka soke, sauran tikitin hayar ɗaki da sufuri da abinci ne, babu laifi.

In kuwa jirgin irin na ƙarshen alfarma ne da suke narkar da kuɗin giya cikin kuɗin tikiti, ba a iya cirewa, to ban ba ka shawarar shigarsa ba. A mazhabarmu cinikin da ya haɗa halal da haram a ƙulli ɗaya, da sanin masu shi, ɓatacce ne. Wasu za su kwatanta shi da jirgin sama da ake raba giya a ciki. Jirgin sama hanya ce da mutum ke bi don ba shi da wata, wannan kuwa hutu ne, kuma ga wasu jirage a wannan hanyar da suke rabawa. In an riga an biya cikin rashin sani kuma kuɗin ba za su dawo ba, ku tafi, ku yi istigfari, ku sa ma'aikata su kwashe kwalaben da ke cikin firjin ɗaki tun ranar farko, kuma kada ku ba wani fasinja rabonku wai don kada ya tafi a banza.

Ko an gyara wannan, jirgin gari ne guda mai ɗaukar dubban mutane, kuma ba don mu aka tsara shi ba. Akwai ɗakin caca da ake buɗewa da zarar an bar tasha, akwai wurin ninƙaya a saman jirgi inda tsiraici yake a fili, akwai rawa da kiɗa da dare. Haramcin waɗannan ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya kaucewa ba, zamansa a gida ya fi. A ɗakin cin abinci sukan haɗa baƙi a tebur ɗaya, ku nemi naku ku uku, domin an hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ku nemi abincin halal tun lokacin yankan tikiti, in bai samu ba ku tsaya ga kifi da sauran abin ruwa, duk halal ne a wurinmu, amma ku tambaya ko an zuba giya a miya, don masu dafa abincin Turawa suna yi. A Fuket ku nisanci unguwar Patong da dare. A Pinang kuwa masallacin Kapitan Keling bai da nisa da inda jirage ke tsayawa, in tsayuwarku ta faɗo ranar Juma'a ku samu jam'i, duk da ba ta wajaba a kan matafiyi ba.

Salla a tsaye za ku yi, da ruku'u da sujada, sai in jiri ko tangaɗin ruwa ya hana. Ka lura da alƙibla sosai. Mu nan gabas muka saba fuskanta, can kuwa tana yamma, ta ɗan karkata arewa, kuma jirgi yana juyawa, don haka inda ka fuskanta da asuba ba lalle ne ya zama nan ne da azahar ba. Ku duba da waya ko ku tambayi ma'aikata kafin kowace salla, in ya juya kuna ciki kuka gane, ku juya. Lokaci kuma na wurin da jirgin yake za ku bi, ba na Sakkwato ba. Malesiya ta riga mu da awa 7, Tailan da awa 6, kuma wani lokaci agogon jirgi ba ya canjawa da na gari. Alhamdu lillahi a teku ba abin da ke tare rana, fitowarta da faɗuwarta a gabanka suke.

Ƙasaru sunna ce a gare ku, tafiyar ta wuce kimanin kilomita 80 nesa ba kusa ba, kuma babu tashar da za ku yi niyyar kwana 4. Na san Khalilu ya cire mai tafiyar wasa daga wannan sunna, amma ziyarar ɗa da hutun iyaye a hannun ɗansu sada zumunci ne, ban ɗauke shi wasa ba. Haɗa salla biyu kuwa, mazhabarmu ta keɓe rangwamen ga matafiyin tudu, Shafi'iyya da Hanbaliyya suka faɗaɗa shi har teku. Ba ku da buƙatarsa, ɗakinku yana kusa, ku yi kowace a lokacinta.

Saura abin da ba ka tambaya ba, amma ka faɗe shi, kuma ya tsaya mini a rai. Hajiya ba ta yi Hajji ba. Ba wajibi ne a kanka ko a kan ɗanta ku biya mata ba, kuma wannan bai haramta tafiyarku ba. Amma kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, shekaru suna tafiya, ƙafa tana nauyi, kuma ɗawafi da jifa suna son ƙarfi. Ku zauna ku uku, ka tambaye ta a gabansa wanne ta fi so ta fara gani, Langkawi ko Ka'aba. In yana da halin biyun, madalla, ya fara ajiye kuɗin kujerarta a hukumar alhazai, sannan ku hau jirginku. Ka kuma tambaye shi a keɓe ko da kuɗinsa zai biya ko da bashin katin banki mai ruwa. In bashin ruwa ne, ka ce masa kun yafe, ya zo gida da salla ku gan shi.

Wallahu a'alam.