Tambaya da Amsa: An ce za a ɗora mini macOS a laftof ɗina cikin awa guda, in yarda?

Tambaya: Malam, ina koyon haɗa manhajojin iPhone, kuma Xcode, manhajar da ake haɗa su da ita, ba ya aiki sai a kan macOS. Laftof ɗina Core i5 ce zubi na 8, da katin hoto na NVIDIA. Wani mai gyara ya ce yana da filashi ɗauke da macOS da aka riga aka shirya, wai kowace kwamfuta yake hawa. Tsorona biyu ne: kada in rasa aikina na Windows, kuma kada Apple ya rufe mini asusu. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka na kan hanya, kuma kada ka miƙa masa laftof ɗin tukuna.

Injin naka zai iya ɗauka. Katin hoton da ke cikin firosesar Intel zubi na 8, wato UHD 620 ko 630, macOS ya san shi, domin Apple ya sayar da Mac masu irin wannan zubin. Na NVIDIA ɗin kuwa ka cire shi daga lissafi. Direbobin da NVIDIA ke fitarwa don macOS sun tsaya a sigar High Sierra ta 2017, kuma a yawancin laftof ma hoton ta Intel yake bi kafin ya isa allo, tsarin da macOS bai taɓa yarda da shi ba. Kashe katin ake yi, in ba haka ba ya yi ta shan batir a banza. Duba SSD ɗinka ma: Samsung PM981 ta yi ƙaurin suna wajen kayar da macOS, Intel Optane kuma ba ta aiki sam. Wi-Fi na Intel sai da direban itlwm, katunan Wi-Fi na Broadcom da aka daɗe ana yabo kuwa Apple ya janye musu tallafi tun macOS Sonoma a 2023.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum sai an kawo mini shi: wai akwai macOS ko foldar EFI (fayilolin da ke tayar da macOS a injin da ba Mac ba) mai hawa kowace kwamfuta. Babu. Duk wanda ya gaya maka haka, ko bai san aikin ba, ko ya sani ya ɓoye.

Aikin OpenCore, manhajar da ke cikin foldar EFI, da Clover kafin shi, shi ne ya yi wa macOS bayanin injinka ta sigar da zai ɗauka Mac ne. Bayanin nan na injin guda ne. Gyare-gyaren ACPI (bayanin na'urorin injin da wutarsu), taswirar kafofin USB, lambar da ake ba AppleALC don sauti ya fito, saitin WhateverGreen na allo, duk an auna su ne da madabod ɗin wanda ya rubuta su. Laftof biyu masu suna ɗaya a bayan murfi suna iya bambanta a katin Wi-Fi, da na'urar taɓawa, da sigar BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod. Ɗaukar EFI ɗin wani tamkar shan maganin da likita ya rubuta wa maƙwabcinka ne don kawai ku biyun kuna tari.

Kuma abin haushin, sau da yawa yana tashi. Tambarin tuffa ya bayyana, mai gyara ya yi murmushi, ka biya ka tafi. Sai ka rufe murfin ka sa a jaka, ka ciro ta da zafi kamar za ta ƙone domin ba ta yi barci ba. Sai kafar USB ɗaya ta mutu. Sai sabuntawa ta zo, allo ya cika da fararen rubutu a kan baƙi ya tsaya cak, kai kuma ba ka san ko layi ɗaya na config.plist ɗinka, fayil ɗin saitin OpenCore, ba, balle ka gyara. Shi ma mai gyaran bai sani ba, sauko da shi ya yi daga intanet.

Wannan ma mai sauƙi ne. Waɗannan shiryayyun macOS ɗin wani ne da ba ka sani ba ya buɗe cikin tsarin ya canza abin da ya ga dama, galibi har da kashe SIP, kariyar da ke hana taɓa fayilolin tsarin. A kan wannan za ka rubuta kalmar sirrin Apple ID ɗinka da ta imel ɗinka? A kansa za ka ajiye makullan sa hannu na manhajojinka? Haba malam. Ga macOS na asali nan kyauta a sabar Apple, kuma cikin kunshin OpenCore akwai macrecovery da ke sauko maka da shi kai tsaye. Ban ga uzurin karɓar gurɓatacce ba.

Batun asusunka ma nan ya dawo. Kowace EFI tana ɗauke da lambar siriyal da ake nuna wa Apple. Idan mai gyara ya kwafa folda ɗaya ga duk wanda ya zo, dukkanku lamba ɗaya kuke shiga iCloud da iMessage da ita, abin da ke jawo a toshe wa asusu waɗannan hidimomin. Ka samar da taka da manhajar GenSMBIOS, ka gwada ta a shafin duba garanti na Apple, ka tabbata ba ta wani Mac na gaske ba ce.

Mafi muni su ne masu kwafo umarnin buɗe CFG Lock (makullin BIOS da ke hana macOS taɓa saitin wutar firosesa) daga bidiyo. Adireshin da ake rubutawa a cikin BIOS ya danganta da injin da sigar BIOS ɗinsa. Ka sa na wani, kana iya taɓa saitin da zai hana kwamfutar kunnuwa gaba ɗaya. OpenCore na da saitin da ke kewaye matsalar ba tare da an taɓa BIOS ba, amma masu gaggawa ba sa karatu.

Game da Windows ɗinka: kwafe komai zuwa wani faifai na waje kafin komai. Nemo makullin farfaɗo da BitLocker, mai kulle faifan Windows, ka rubuta a takarda, domin kashe saitin Secure Boot a BIOS yayin ɗora macOS na iya sa ya tambaye ka shi. Mayar da saitin faifai (SATA) a BIOS daga RST zuwa AHCI da macOS ke buƙata kuma na iya hana Windows tashi idan ba a shirya shi ba tukuna. In laftof ɗin na da gurbin faifai na biyu, ba macOS nasa daban.

Ka kuma san matsayinka. Lasisin macOS ya taƙaita shi ga injinan Apple, kuma kamfanin Psystar da ya riƙa sayar da irin waɗannan kwamfutoci a Amurka ya sha kaye a kotu a 2009. Sannan hanyar ta kusa ƙarewa: tun fitowar firosesarsa ta M1 a 2020 Apple ke barin Intel, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Xcode kuwa kullum sabon macOS yake nema, App Store kuma sabon Xcode.

Don haka in koyo kake so, zauna da jagoran OpenCore na shafin Dortania, ka gina EFI ɗinka da hannunka, fayil bayan fayil, ka ajiye kwafinta a filashi kafin kowace sabuntawa. In kuwa sana'a za ka yi da Xcode, fara tara kuɗin Mac mini mai M1 ko wanda ya fi shi, ko da na hannu ne. Filashin mai gyaran nan dai kada ya shiga laftof ɗinka.