Hukuncin toshe jijiyar zuciyar jariri da ƙarfe ta hanyar bututu

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Tahoua nake. Jaririna mai kwana 19 yana haki, zufa na karyo masa idan yana shan nono. A Yamai likitoci sun ce jijiyar da ke shayar da zuciyarsa jini ta ɓulle cikin zuciyar, za su zura siririn bututu ta cinyarsa su toshe ta da murɗaɗɗen ƙarfe. Mahaifinsa yana ci-rani a Abijan, wan mijin nawa kuma ya ce canza halittar Allah ne. Ya halatta?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Halaccin neman magani ba abin saɓani ba ne. Abin da ya sauya hukunci a nan shi ne hakin da zufar da kika ambata, domin ƙaramar ɓula akan sa mata ido ne kawai, wani lokaci ma ta toshe da kanta, amma babba tana karkatar da jini har zuciya ta gaji. Idan amintattun likitoci sun rinjayar da cewa barinsa zai halaka shi, aikin ya wajaba a kan waliyyinsa gwargwadon iko.

Maganar wan mijinki, tare da girmama shi, kuskure ce. Ayar Suratun Nisa'i ta 119 tana zargin mai sauya lafiyayyar halitta bisa umarnin Shaiɗan ne, ba mai mayar da naƙasasshiyar gaɓa kan asalinta ba. Idan ƙarfen ne damuwarsa, an yanke hancin sahabi Arfaja ɗan As'ad a yaƙin Kulab, ya sanya na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. Hanci ke nan, ina ga zuciya? Idan ma aka ce da wannan ɓula aka haifi jaririn, wannan ba hujja ba ce, domin kowane namiji da loɓa ake haihuwarsa, kuma ana yi masa kaciya.

Izini na mahaifi ne, ba na baffa ba. Ki kira mijinki yau, ki haɗa shi da likita ya ji da kunnensa, kuma kada ki yi sa-in-sa da dangin miji kina cikin jego. Ki tambayi haɗarin aikin ɓaro-ɓaro, domin jini yakan daskare a jijiyar bayan toshewa, saboda haka kada ki yanke maganin tsinka jinin da za su rubuta don wani ya kawo sassaƙe ko jiƙo. Wallahu a'alam.