Gurbin da Babu Komai a Cikinsa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa kwamfutarka ta tsaya cak lokacin da ka zuba bayanan ƙananan asibitocin jihar Sakkwato a jadawali mai fuska uku, wato mazaɓu 244, kwanaki 365 da nau'o'in cuta 2,000. Ka fara yin lissafin da kanka. Gurabe 178,120,000 ke nan, kowane yana cin bayit 8, jimilla kusan gigabayit 1.4, kuma da zarar R, manhajar lissafin da kake aiki da ita, ta kwafi jadawalin sau biyu ko uku a tsakiyar aiki, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika. Alhali kuwa mafi yawan guraben nan sifili ne a cikinsu.

Dubi littafin bashi na mai tireda a unguwarku. Ba ya rubuta sunayen duk mutanen unguwa ya sa sifili a gabansu. Wanda ya ci bashi kaɗai yake rubutawa. Haka za ka yi: ka adana mazaɓa, rana, cuta da adadi a inda aka sami majinyaci kawai. Kowane irin wannan layi zai ci bayit 20, domin alamun wuri uku, wato mazaɓa, rana da cuta, suna ɗaukar 12, adadin kuma 8, saboda haka dabarar ba ta da riba idan guraben da ke cike sun kai kashi 40 cikin ɗari. Kunshin Matrix na Douglas Bates da Martin Maechler, wanda ake ƙara wa R don irin wannan adanawa, fuska biyu kaɗai yake ɗauka. Naka mai uku sai ka nemi wani kunshin mai suna slam, ko ka haɗe mazaɓa da rana su zama fuska ɗaya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, wannan tsari yana ɗaukar duk abin da ba a rubuta ba a matsayin sifili. Idan ruwa ya yanke wa wani asibiti hanya da damina, rahotonsa bai iso ba, wannan gurbin ba sifili ba ne, rashin sani ne, kuma dole ka rubuta masa NA, alamar R ta bayanin da ba a samu ba, da hannunka. Na taɓa sakaci da wannan ina sabon shiga, sai lissafina ya nuna zazzaɓin cizon sauro ya ragu a watan Agusta, lokacin da kowace uwa a garin nan ta san ya fi tsanani. Har yau ina jin nauyin wannan kuskuren.

Ka kuma kiyayi duk lissafin da ke mayar da sifili wani abu dabam. Idan ka cire matsakaici daga kowane gurbi, ko ka ƙara 1, dukkan guraben sun cika, ka koma gidan jiya. Wajen logaridim ka yi amfani da umarnin log1p na R, wanda ke barin sifili a sifilinsa. Gobe ka zo da jerin asibitocin da ba su aiko da rahoto ba, mu fara daga nan.