Maigidana ya ajiye maganin hawan jini ya koma atisayen numfashi

Tambaya: Salamu alaikum lokotoro, ina gajiya? Hankalina ne a tashe. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa 54, yana shan maganin hawan jini tun bara waccan. Kwanakin baya wani abokinsa ya turo masa bidiyo ta WhatsApp, wani mutum yana koyar da yoga, yana cewa wanda ya riƙe numfashin nan ba ya buƙatar ƙwayar asibiti. Tun daga nan ya ajiye maganin, yau wata biyu ke nan. Kullum bayan asuba sai ya zauna yana huci da ƙarfi, sannan ya riƙe numfashi har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ciwon kai ya bar shi, barci ma yana samu. Na yi magana, ya ce ba na so ya warke. Da gaske numfashin yana magani, ko in kira yayyensa? Daga wata uwargida, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kira yayyen nasa in su yake jin maganarsu, kuma a auna masa tansiyo, wato awon jini, yau ɗin nan, a CSI (ƙaramin asibitin unguwa) mafi kusa ko a farmasi mai abin awo. In an ga ya kai 18/12 (wato 180/120), musamman da ciwon ƙirji, ko gani dishi-dishi, ko nauyin harshe, kada a koma gida, a wuce asibiti.

Ni aikina gashin ƙashi ne, kuma ina koya wa marasa lafiyata irin wannan numfashi, don haka ba zan ce miki ƙarya ba ne. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya sassauta zuwa kamar sau 6, yana jan fitar iskar fiye da shigarta, bugun zuciya yana lafawa, hanyoyin jini suna ɗan saki, awon yana sauka kaɗan. Tun a 1975 wani likitan zuciya na jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya yi bayanin wannan lafawar jiki. Barcin da maigida ya ce yana samu, na yarda da shi. Sai dai saukar ƴar kaɗan ce, wanda ke kan 17/10 ba za ta kawo shi ƙasa da 14/9 ba. Kamar mafici ne a watan Afirilu, kana jin sanyinsa muddin kana kaɗawa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wannan magana ta "ciwon kai ya bar ni, na warke". Kusan kowace safiya sai na ji ta, kuma yawanci daga bakin dangi nake jin ta, don mai ita ya riga ya kasa magana. Hawan jini ba ya sallama. Mutane da yawa suna yawo da shi shekara da shekaru ba ciwon kai ba jiri, yana nan yana cin ƙoda da ido da zuciya a ɓoye. Ciwon kan da mutum ke ɗora wa tansiyo sau da yawa na gajiya ne, ko rashin barci, ko zafin rana, ko tunanin bashi. In ya zauna ya natsu minti goma dole ciwon ya tafi, sai ya ce jinin ne ya sauka. Wa ya auna? Ba kowa. Jiki ba ya ba da labarin awon jini, abin awo ne kawai yake bayarwa.

Ki zo ɗakin da muke aiki ki gani. Magidanci da ƙarfinsa, wanda jiya-jiya yake sauke buhuna a shagonsa, yau yatsunsa sun dunƙule, sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya muna buɗewa, muna saki suna komawa. Ana ba shi koko da cokali, rabi na zuba ta gefen baki. In na tambayi matarsa yana shan magani, sai ta sunkuyar da kai ta ce da yana sha, sai ya ji sauƙi. Wani tafarnuwa ce ta raba shi da maganinsa, wani jiƙon da aka saya a bakin tasha daga mai lasifika, yanzu kuma ga na waya ya shigo. Sannan in ɓarin jikin ya shanye a ce iska ce ta buge shi, a yi sati ana turare kafin a kawo shi. Mai bidiyon nan bai san sunan maigidanki ba, bai taɓa ɗaura masa abin awo a hannu ba, kuma ranar da abin ya faru ba shi zai biya kuɗin hoton kai ba, ba shi zai riƙa juya shi a kan gado ba. Shi dai a tura wa mutum goma. Wanda ya ce wa mai hawan jini ya bar magani alhali bai auna shi ba, ya ji tsoron Allah, alhakin rai yake ɗauka.

Ko a wajen masu yoga ɗin ma, abin da maigida ke yi ba nasa ba ne. Su kansu malaman Indiya suna hana mai hawan jini hucin nan mai sauri da riƙe numfashi da tsayuwa a kan kai. Riƙe numfashi da yunƙuri yana harba jini sama a take, jijiyar wuyan da kike gani shaida ce. Hucin kuma yana rage iskar kabon da ke cikin jini, sai jiri da tsikarin yatsu su zo, mutum ya ɗauka cuta ce ke fita.

Wanda ya dace da shi mai laushi ne, irin wanda malamin yoga na Indiya B.K.S. Iyengar ya yaɗa, inda ake tallafe jiki da matasai don kada wata gaɓa ta yi aiki. Ya kwanta rigingine a tabarma, matashi ƙarƙashin gwiwoyi, zane a naɗe ƙarƙashin wuya, hannu ɗaya a kan ciki. Ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu har hannun ya ɗaga, ya saki a hankali yana ƙirga shida, ba riƙewa. Minti goma sun isa. In tunanin kasuwa ya zo ya bar shi ya wuce, ya dawo kan ƙirgen, ko kan tasbihinsa in ya fi natsuwa da shi. Da zai tashi ya fara juyawa gefe ya ɗan zauna, don kada jiri ya kwashe shi.

Kada ki ɗauko tsohon kwalin ki ce ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bayan wata biyu sai wanda ya rubuta maganin ya sake duba shi. Kuma a bincika abin da ya sa ya yi saurin yarda da bidiyon, don da wuya a rasa dalili. Maganin hawan jini mai suna amlodipine yakan kumbura ƙafa, wasu ƙwayoyin suna sa yawan fitsari, akwai tsadar magani, akwai kuma abin da maza ba sa son faɗa a gaban iyali. Duk waɗannan ana iya canza magani saboda su, in dai ya faɗa wa likita. Ki bar shi ya shiga shi kaɗai in haka zai sa ya saki baki.

Naki aikin yana cikin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da yajin tsire duk a ciki ake lissafa su. Ku tafi da kwalayen maganin da takardar likita ta farko, ki samo ɗan littafi ki riƙa rubuta awon da ranarsa. In kika ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ki nemi mota nan take, kada ki tsaya jiran kowa.